Farfesa guda yana ƙirga kwaɗi da kunkuru shekara da shekaru, wai me yake nema ne?

A watan Satumban 1989 masana kwaɗi da macizai da ƙadangaru da kunkuru suka haɗu a garin Canterbury na ƙasar Ingila, karon farko kenan da suka yi taron duniya nasu na kansu. Babban abun da ya fito daga taron nan ba ya ma cikin jadawalin da aka tsara, a hirar baranda ya fito lokacin da aka fita hutu. Na Ostareliya yana cewa shi fa kwaɗin da ya saba gani a rafukan kan dutse ya neme su sama ko ƙasa ya rasa, na Kosta Rika ya ce kai nima haka, na Amurka ya ce ai mu ma tafkunan kan tsauni sun yi tsit. Kowannensu dama ya jima da lura amma ya ja bakinsa ya yi gum, a zatonsa ko wurinsa ne kaɗai, ko farin shekarar ne, ko kuma shi ne idonsa bai iya nema ba. Ashe abun ya game duniya.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Da aka ce a kawo hujja sai aka koma kallon-kallo, domin kafin ka ce abu ya ragu dole ka san nawa ne a da, kuma mutane ƙalilan ne suka taɓa zama suka ƙirga kwaɗin wuri ɗaya shekara bayan shekara. Wa zai ba ka kuɗi ka ƙirga abun da yake ko'ina birjik? A ganina duk wanda yake son ya gane aikin malamin jami'a mai binciken waɗannan dabbobi to daga nan zai faro, ba daga abun da ake nunawa a talabijin ba na wani ƙato ya danne kada ko ya cafko maciji ta wutsiya yana ihu. Kaso mafi tsoka na aikin ƙirga ne da rubutawa a littafi, da komawa wuri ɗaya har mutum ya yi furfura.

Shekararsa ma ba a daji take ƙarewa ba. Watanni da yawa yana aji yana koyarwa, yana makin jarrabawa, yana duba aikin ɗaliban digiri na biyu da na uku, yana rubuta takardar neman kuɗin bincike wadda sau da yawa ƙin amincewa ake yi a sake rubuto wata. Lokacin fita fili kuma ba shi ke zaɓa ba, dabbobin ne. Akwai kwaɗin da duk shekara 'yan kwanaki kacal suke fitowa su yi barbara su yi ƙwai su koma ƙarƙashin ƙasa, in ka makara da sati ɗaya shikenan sai baɗi.

Dabarun ƙirgan ma ba wasu na a zo a gani ba ne. Akwai shinge da ake kewaye tafki da shi, na kwano ko na roba, a haƙa ramuka a binne bokitai ciki da waje a jikin shingen, duk abun da ya zo shiga ruwa ko fita zai bi jikin shinge har ya faɗa bokiti. Kullum da safe sai an zo an duba, an auna, an rubuta, an tsallakar da shi ɗaya gefen, kuma kullum ɗin nan ba wasa a ciki, in ka tsallake rana zaka tarar rana ta gasa su ko wani abu ya cinye. Kunkuru kuma ana ɗan goge gefen ƙoƙon bayansa da zarto a wurare sanannu, tsarin gurbin ya zama lambarsa har mutuwa. Maciji a saka masa ɗan mitsitsin cif, wato ƙwayar na'ura mai ɗauke da lambarsa, a ƙarƙashin fata ko na'urar rediyo a riƙa binsa da eriya. Wasu da dare suke fita da tocila suna sauraren kuka, tunda kowane nau'in kwaɗo da irin kukansa kuma mazan ne ke yi. Yanzu har ruwa ake ɗebowa a kwalba a tace a nemi ɓurɓushin DNA, wato sinadarin gadon halitta, na dabbar da ba a ma gani da ido ba.

Lissafin da ke bayan saka alama mai sauƙi ne. A ce yau ka kama 50 ka sa musu alama ka sake su, bayan kwanaki ka dawo ka kama 40 sai ka ga 10 a ciki masu alama ne, kaga kenan kashi ɗaya cikin huɗu na jama'ar wurin ka yiwa alama, 50 sau 4 ya ba ka wajen 200. A takarda kenan. A fili kuwa wanda ka taɓa kamawa ya koyi wayo baya sake yarda, wasu sun mutu, wasu sun yi ƙaura, wasu baƙi sun shigo, shi ya sa mai wannan aiki a yau dole ya iya lissafi da kwamfuta fiye da yadda ya iya kama maciji.

Mu koma kan gardamar. A 1991 wasu masu bincike a jihar South Carolina ta Amurka, Joseph Pechmann da abokan aikinsa, suka fitar da sakamakon da ya ɗan zuba ruwan sanyi a kan hayaniyar. Su suna da wani ɗan tafki mai suna Rainbow Bay da suka kewaye da irin shingen nan tun 1978 suna duba bokitai kowace rana. Da suka baje ƙidayar shekara 12 sai ga shi adadin yana hawa yana sauka kamar ba gobe, shekarar da aka yi ruwa sosai matasa dubbai su fito, shekarar fari tafkin ya ƙafe da wuri ko ɗaya bazai tsira ba, sannan bayan shekaru su farfaɗo. Ma'ana in shekara 3 kawai ka yi a wuri kuma ka faɗo cikin shekarun fari zaka rantse da Allah sun ƙare alhali suna nan. Kamar ka leƙa aji ranar da ake tafka ruwan sama ne ka fito kana shelar cewa yara sun daina zuwa makaranta.

Wasu sun ji haushin wannan takarda, suna ganin ta ba masu cewa ba komai makami. Ni kam ina ganin ta yi wa fannin gata, don ta tilastawa kowa ya kawo hujjar da ta fi "na je ban gani ba". Sai dai ita ma bata amsa komai ba, tunda akwai ɓacewar da fari ba zai iya bayyana ta ba.

Ɗauki kwaɗon zinare na dajin Monteverde a Kosta Rika, wanda Jay Savage ya fara bayyana shi ga kimiyya a 1966, mazan launin lemo ne kamar an tsoma su a fenti. A 1987 Martha Crump ta ƙirga wajen 1,500 sun taru a ƙananan kududdufai suna barbara. Shekarar da ta biyo baya kamar 10 aka gani. A 1989 namiji ɗaya tilo, daga shi ba a sake ganin ko ɗaya ba har yau. Kuma dajin nan a killace yake fa, ba a sare bishiya ba, ba gona, ba masana'anta. A Ostareliya ma akwai wata kwaɗuwa mai abun al'ajabi da take haɗiye ƙwanta bayan namiji ya yi barbara, cikinta ya daina fitar da ruwan narkar da abinci, 'ya'yan su girma a tumbinta sannan ta amayo su a matsayin ƙananan kwaɗi. A 1973 aka bayyana ta, likitoci har sun fara zumuɗin ko zata koya musu wani abu game da gyambon ciki, farkon shekarun 1980 ta ɓace. An gano 'yar uwarta a 1984, ita kuma ko shekara 2 bata yi ba ta bi sahu. Ruwa dai baya tsami banza.

An zargi abubuwa da dama, hasken rana mai ƙuna saboda hudar da ke sararin sama, ruwan sama mai guba, maganin ƙwari da iska ke kwasowa, sauyin yanayi. Matsalar ita ce ba gawa. Kwaɗo in ya mutu a daji mai danshi cikin kwana ɗaya ko biyu tururuwa da sauran ƙwari sun gama da shi, mai bincike yana zuwa sai dai ya tarar da shiru. Karen Lips, wadda lokacin ɗaliba ce mai neman digirin dakta, ta fara aiki a wani daji mai suna Las Tablas a Kosta Rika farkon shekarun 1990, ta tafi ta dawo ta tarar kwaɗinta sun yi ƙasa warwas ba dalili. Sai ta matsa gaba zuwa Fortuna a Panama, a can ne ƙarshen 1996 ta yi gamo da abun da kowa ke nema, kwaɗi suna mutuwa a gaban idonta, a zaune a bakin rafi ko gudu basa iya yi. Ta kwashi gawarwakin ta aika dakin gwaji.

A daidai wannan lokaci a Ostareliya wata likitar dabbobi, Lee Berger, tana yanka fatar matattun kwaɗi tana dubawa a madubin likita tana ganin wasu 'yan ƙulle-ƙulle a ciki. Da aka haɗa nata da na Panama sai aka ga abu ɗaya ne, a 1998 suka fitar da sakamakon. Fangas ne, dangin su fumfuna, daga wani rukuni da ake kira kitirid wanda kafin nan ba a taɓa sanin yana kashe dabba mai ƙashin baya ba. Wadda ta iya raba shi ta rene shi a ɗakin gwaji har aka raɗa masa suna a 1999 ita ce Joyce Longcore ta jami'ar Maine, mace da sai da ta gama renon 'ya'yanta sannan ta koma ta yi dakta, a kan wani rukunin fangas da a duk duniya masu damuwa da shi ba su da yawa. Ina son mutane su riƙe wannan a duk lokacin da aka tashi yiwa wani malami dariya wai yana bincike a kan abun da ba shi da amfani. Sunan da aka ba abun Batrachochytrium dendrobatidis, amma kowa Bd yake cewa don ya huta.

Ta yaya ciwon fata kawai zai kashe dabba? Wannan sai a 2009 Jamie Voyles da abokan aikinta suka warware. Kwaɗo baya shan ruwa da baki, ta fata yake tsotsa, ta fata yake wani ɓangare na numfashi, kuma ta fata yake daidaita gishirin jininsa. Fangas ɗin yana da 'ya'ya masu wutsiya da ke iyo a ruwa, su maƙale a fata su kutsa ciki su hayayyafa, fatar ta yi kauri ta daina aikinta, sinadaran sodiyam da fotasiyam su zube a jini, ƙarshe zuciya ta tsaya cak. Talibambam kuma, wato ɗan kwaɗo mai wutsiya da ke cikin ruwa, a baki kawai yake kama shi don haka yakan rayu yana yawo da cutar, sai ya rikiɗe ya zama kwaɗo sannan ta gama da shi. Kuma abun yafi jin daɗi tsakanin digiri 17 zuwa 25, in zafi ya haura 30 sai ya fara mutuwa, kaga dalilin da ya sa ɓarnar ta fi yawa a kan tsaunuka masu sanyi da danshi, wato daidai wuraren da aka killace ake ganin sun fi ko'ina tsaro. Shi kansa kwaɗon zinare har yanzu masana na ja-in-ja ko cutar ce ta kashe shi ko mummunan farin 1986 zuwa 1987 ko kuma haɗuwarsu, tunda ba a samu gawa ba.

Daga ina ya fito kuma? Nan ne kwalaben gidajen adana kayan tarihi suka yi rana, dubban kwaɗin da masanan baya suka tsoma a sinadari suka liƙa takarda mai kwanan wata da wuri. Aka koma ana goga auduga a jikinsu ana gwaji. Da farko an zargi Afirka, saboda akwai wani kwaɗon ruwa na kudancin Afirka mai suna Xenopus da daga shekarun 1930 har zuwa 1960 ake fitar da shi ko'ina a duniya ana gwajin ciki da shi, a yi masa allurar fitsarin mace, in tana da juna biyu kwaɗuwar ta saki ƙwai cikin sa'o'i, kuma shi yana ɗaukar fangas ɗin bai cika mutuwa ba. Labari ne mai daɗin faɗa shi ya sa ya yaɗu. Sai a 2018 da aka kwatanta kwayoyin halittar fangas ɗin daga nahiyoyi daban-daban aka ga tushen ya fi karkata ga gabashin Asiya, yankin Koriya, inda kwaɗin can suka daɗe da shi sun saba, kuma bazuwarsa ta zo daidai da lokacin da cinikin dabbobi tsakanin ƙasashe ya bunƙasa a ƙarni na 20. Mu muka yi dakonsa kenan, a jirgin ruwa da na sama, cikin kwaɗin ci da na ado da na ɗakin gwaji.

Abun da ya fi ci min rai a labarin nan shi ne sanin cutar bai hana ta komai ba. Karen Lips ta lura tana tafiya ne kamar wutar daji daga yamma zuwa gabas, sai ta riga ta zuwa wani wuri mai suna El Copé a tsakiyar Panama, tun 1998 ita da ɗalibanta suke ƙirga komai suna jira. A watan Satumban 2004 cutar ta iso. Cikin 'yan watanni rafukan suka yi shiru, daga baya da aka yi lissafi nau'i 30 sun ɓace daga wurin har da 5 da ko suna ba a kai ga ba su ba. Sun san tana zuwa, sun san sunanta, sun san yadda take kisa, amma abun da suka iya yi shi ne rubutawa. Duk da haka wannan rubutun shi ya zama hujja mafi ƙarfi da aka samu, don a karon farko akwai ƙidayar kafin da ta bayan. Kuma da yake suna ƙirga macizan wurin ma, a 2020 aka iya nuna cewa macizan da ke cin kwaɗi da ƙwansu su ma sun ragu, waɗanda suka rage da dama sun rame. Wani binciken na 2022 ma ya danganta ɓacewar kwaɗin da ƙaruwar zazzaɓin cizon sauro a Kosta Rika da Panama na wasu shekaru, ko da yake wannan alaƙa ce ta alƙaluma ba wai an bi sauro ɗaya-ɗaya an gani ba.

A 2019 wani babban nazari ya ce cutar ta taɓa nau'i 501, kuma 90 daga ciki ana kyautata zaton sun ƙare. Wasu masanan sun fito sun ce hujjar wasu daga cikin nau'o'in bata da ƙarfi, kuma haka fannin yake, kullum ana cikin musu.

Me ake yi yanzu? Wasu an kwashe su an kai gidajen zu ana kiwo a akwatunan gilashi, irin kwaɗon zinare na Panama, wani nau'i daban da na Monteverde, da tun wajen 2009 ba a sake tabbatar da ganinsa a daji ba. Sai dai gaba kura ce baya sayaki, ka sake su fangas na nan yana jira, ka ci gaba da tsare su kuma har yaushe, da kuɗin wa? A tsibirin Mallorca na Sifen an taɓa cin nasara, Jaime Bosch da tawagarsa suka kwashe talibambam suka yi musu magani suka wanke kududdufan da sinadari, amma 'yan ramukan dutse ne a tsibiri, ba wanda zai wanke dajin Amazon. A 2024 Anthony Waddle a Ostareliya ya fito da wata dabara mai arha, bulo mai ramuka a cikin 'yar rumfar leda a rana, kwaɗin su shige su gasa jikinsu zafin ya kashe fangas ɗin, kuma waɗanda suka warke sun fi jure kamu na biyu. Wannan ma sai nau'in da ke son zafi. Inda darasin ya yi amfani sosai shi ne da ɗan uwan fangas ɗin ya ɓulla a Holan yana cin salamanda, wasu dangin kwaɗo masu wutsiya da siffar ƙadangare, An Martel da abokan aikinta a jami'ar Ghent ta Beljiyom suka gano shi a 2013, zuwa 2016 Amurka ta hana shigo da nau'in salamanda 201 tun cutar bata iso ba. Karo ɗaya dai ba a yi ihu bayan hari ba.

Sai dai kar labarin fangas ya rufe mana ido, shi ne mai daɗin bayarwa amma ba shi ne babban mai kisa ba. Ƙididdigar duniya ta 2023 ta duba nau'i sama da 8,000 na kwaɗi da danginsu ta ce kusan kashi 41 cikin 100 na cikin haɗarin ƙarewa, sun fi tsuntsaye da masu shayarwa shiga uku, kuma abun da ya fi addabar mafi yawansu shi ne rasa muhalli, sare daji, cike fadama, faɗaɗa gonaki, gina madatsun ruwa. Misali ɗan kwaɗon Kihansi na Tanzaniya, duk duniyarsa 'yar ciyawar da feshin wani ruwa mai gangarowa daga dutse ke jiƙawa ce, a 1996 aka gano shi, aka gina dam aka karkatar da ruwan, zuwa 2009 aka ayyana ba shi a daji, sai waɗanda aka kai gidajen zu na Amurka ne aka dawo da jikokinsu daga 2012. Su kuwa masu jan ciki sai a 2022 aka kammala tasu ƙididdigar, kashi 21 cikin 100 na nau'i sama da 10,000, amma kunkuru da kififiya sun haura rabi, kadoji kuma rabi. Jinkirin ma rashin kuɗi ne ya jawo shi, masu ba da tallafi sun fi son giwa da damisa.

Kunkuru ne ya fi nuna yadda shekarun mutum suka yi wa wannan aiki kaɗan. A wani daji mallakar jami'ar Michigan an fara saka wa kififiya alama tun 1953, malami ya miƙa wa malami har ya iso hannun Justin Congdon wanda ya kwashe shekaru masu yawa a kai. A 2016 suka sake kama wata da aka yiwa alama tun 1954 lokacin tana babba, lissafi ya nuna ta kai aƙalla shekara 83. Abun da suka gano shi ne irin wannan nau'in baya fara ƙwai sai ya shekara 14 zuwa 20, yawancin ƙwan ma dabbobi ne ke tonewa su shanye, don haka abun da ke riƙe da zuri'ar shi ne manyan mata su daɗe suna ƙwai shekara da shekaru, tsofaffin ma sun fi matasan yawan yi. In mota ta riƙa take 'yan kaɗan a titi duk shekara ko mafarauta su riƙa ɗauka, zuri'ar ta fara mutuwa amma ba mai lura, don zaka ci gaba da ganin tsofaffin suna yawo shekara 30 alhali ba masu maye gurbinsu. Yanzu ka haɗa wannan da tallafin bincike da yawanci shekara 3 zuwa 5 ne, da ɗalibin dakta da dole ya gama cikin 'yan shekaru, da malamin da ake auna ƙarin girmansa da yawan takardun da ya buga. Tsarin jami'a kansa yana tura mutum ga tambayar da za a amsa da wuri. Ko su masu Rainbow Bay sai da ma'aikatar makamashi ta Amurka ta zaftare kuɗin cibiyarsu a 2007 har ta kusa rufewa.

Amma in aka jure, irin wannan ƙirgan yana juya doka. Shekaru ana kashe ƙarfi wajen gadin ƙwan kififiyar teku a bakin ruwa, sai a 1987 Deborah Crouse da Larry Crowder da Hal Caswell suka zuba alƙaluman rayuwar wani nau'i a lissafi suka nuna ko da za a ceci kowane ƙwai zuri'ar zata ci gaba da raguwa muddin matasa da manya na nutsewa a komar masu kamun jatan lande. Wannan ya ƙarfafa dokar tilasta saka wata 'yar ƙofa a jikin koma da kififiya zata bi ta fice, Amurka ta kai ga hana sayen jatan lande daga ƙasashen da basa amfani da ita, har Indiya da Malesiya da Pakistan da Tailan suka kai ta ƙara hukumar cinikayya ta duniya. Daga ƙirga kififiya sai ga shari'ar ƙasa da ƙasa.

Haka maganar zafi da jinsi. A 1966 Madeleine Charnier a jami'ar Dakar ta Senegal ta lura cewa zafin da ƙwan ƙadangare ya samu shi ke sa ya fito namiji ko mace, ta rubuta 'yar gajeriyar takarda da Faransanci, shekaru ba wanda ya waiwaye ta. Daga baya aka gane haka abun yake ga kadoji da yawancin kunkuru, a kififiyar teku yashi mai zafi mata yake bayarwa, mai sanyi maza, iyakar tana wajen digiri 29. Kafin a farga masu son taimako sun yi ta kwashe ƙwai suna sakawa a akwatunan soso masu sanyi don kare su, ashe maza suke ta ƙyanƙyasowa. Yau kuma da duniya ke ɗumama matsalar ta juye, binciken 2018 a arewacin yankin teku na Great Barrier Reef a Ostareliya ya tarar kashi 99 cikin 100 na matasan koriyar kififiya da suka fito daga can mata ne.

Maganar cizo kuwa, tambayar da kowa ke fara yi kenan, kuma eh yana faruwa. Karl Schmidt na gidan tarihin Field a Chicago, babban masani mai shekara 67, wani ƙaramin macijin bishiya na Afirka da aka kawo masa ya tantance ya sare shi a yatsa a 1957, ya raina abun yana ganin dafin bazai kai ya kashe ba, ya koma yana rubuta alamomin da yake ji awa bayan awa har washegari ya rasu. Joseph Slowinski ma haka ya mutu a dajin Myanmar a 2001 nesa da asibiti. Amma yawancin masu aikin har su yi ritaya abun da ke wahalar da su hanya ce da zazzaɓi da jiran takardar izinin kama dabba ko fitar da samfuri daga ƙasa, wadda kan ɗauki watanni har lokacin barbarar ya wuce.

Wani lokacin kuma aikin ba ceton dabbar bane, neman yadda za a zauna da ita ne. A 1935 aka shigo da wani ƙaton kwaɗo mai dafi guda 102 Ostareliya don ya cinye ƙwarin rake, ƙwarin bai ci ba sai ya bazu yana kashe duk abun da ya haɗiye shi, su damo da macizai da ƙananan kadoji. Rick Shine da ɗalibansa sun bi shi shekaru har suka nuna na sahun gaba ƙafafunsu sun fi tsawo, saurin mamayar ya tashi daga kamar kilomita 10 a shekara zuwa wajen 50. Da suka ga kawar da shi ba mai yiwuwa bane sai suka koma koyar da namun dajin, kafin rundunar ta iso a ba su ƙananan kwaɗin da dafinsu zai sa su laulayi amma bazai kashe ba, damon da ya taɓa ɗanɗanawa ya sha wuya in ya ga babban sai ya kauce.